Jita Mai Rabin Kogo: Yadda Sabon Hannu Zai Harhaɗa Tasa a Rikoto

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Rikoto da Rafin Zuru, da na Dabai da Senchi, da Mahuta da Ribah, har can Dirin Daji, da duk inda muryar nan ta isa.

Yau zancen jita za mu yi, jitar lantarki, da yadda wanda bai taɓa ƙera komai ba zai iya harhaɗa tasa da hannunsa. Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, ina ruwan Zuru da ƙera jita? Baba, da ruwanmu. Ana kaɗa ta a majami'unmu, ana kaɗa ta a wuraren biki, 'ya'yanmu na koyonta a waya. Amma ranar da wuyanta ya lanƙwashe, ko wata waya ta tsinke a cikinta, sai a jingine ta a lungu ƙura ta rufe, ko a fara neman wanda zai tafi Kaduna ko Legas a ba shi saƙo. Garin da ke da kafintoci da maƙera da masu gyaran rediyo bai kamata ya rasa mai gyaran jita ba. Hanya mafi kusa ta samun irin wannan mutum kuwa ita ce yaro ya harhaɗa guda ɗaya tun daga farko, ya san abin da ke cikinta.

Akwai kamfanonin da ke sayar da jita a wargaje cikin kwali. An riga an yanka gangar jikin, an fafe ramuka, an sassaƙa wuya, an jera masa ƙananan sandunan ƙarfen nan da makaɗa ke kira firet. Za ka tarar da maɗauran tsirkiya shida, da jakin da tsirkiya ke hawa, da fikof biyu masu ɗaukar sauti, da maɓallan ƙara murya da gyara ta, da wayoyi da sukurori. Babu gam a ciki, babu fenti, babu kayan aiki, babu amfilifaya. Kuma bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya sayi wannan kwali da niyyar ya sami araha. In ka haɗa kuɗin kwalin da na kawo shi da na fenti, sau da yawa za ka iya sayen 'yar tsohuwar jita da kuɗin. Ilimi kake saye, jitar kyauta ce a bisa.

To, me ake nufi da rabin kogo? Jitar lantarki iri uku ce. Akwai mai kogo gaba ɗaya, cikinta fanko. Irinta ce kamfanin Gibson na Amurka ya fitar a 1936. Muryarta na da daɗi, amma da an ƙara ƙarfin lasifika sai iskar da ke cikin kogon ta ɗauki rawa, jikin ya girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar wa lasifika, sai ka ji wannan ihu mai tsaga kunne da kuka sani a wurin taro idan makirfo ya matso kusa da lasifika. Akwai kuma wadda katako ce tsantsa, ba kogo ko kaɗan. Ita ba ta cika ihu ba, kuma sautinta na daɗewa kafin ya mutu, sai dai nauyi.

Ta uku, mai rabin kogo, tsakanin biyun nan take. Wajen 1940 wani makaɗi mai suna Les Paul ya ɗauki gungumen katako mai faɗin inci 4 da kaurin inci 4, ya ɗora masa wuya da jaki da fikof, sannan ya raba jikin wata jita mai kogo gida biyu ya manna a gefe da gefe don ta yi kama da jita. A 1958 kamfanin Gibson, a zamanin shugabancin Ted McCarty, ya fitar da samfurin da ake kira ES-335 a kan irin wannan dabara: gungume a tsakiya tun daga gindin wuya har ƙarshen jiki, kogo a dama da hagu, kowane kogo da 'yar siririyar taga mai lanƙwasa. Gungumen na riƙe jaki da fikof su tsaya daram, kogon kuma na ba muryar taushi. Yawancin kwalayen da ake sayarwa yau siffar wannan jita suke bi. Duk da haka ihun bai mutu gaba ɗaya ba. Mashahurin makaɗin nan B.B. King yakan cusa tsumma a tagogin tasa, har daga baya kamfanin ya ƙera masa wadda ba ta da taga sam.

Jama'a, duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko molo ko garaya ya san rabin wannan karatu. Kogo, sanda, tsirkiya, jaki. Marigayi Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. A maƙwabciyarmu Nijar, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko, wadda ya ƙera da kansa yana yaro. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, nan kusa da mu, ya riƙa yawo daga waya zuwa waya kafin Turai da Amurka su san da shi. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Waɗannan ba su sami kwali ba. Kai da aka yanka maka komai, aka huda maka ramuka, ba ka da uzuri.

Bambanci ɗaya ne babba tsakanin gurmi da jita, kuma a nan nake so mu daɗe. Gurmi ba shi da firet. Makaɗi na matsar da yatsa inda kunnensa ya ce masa daidai ne, in jaki ya ɗan goce sai ya tura shi da babban yatsa. Jita ba ta yarda da haka. An riga an kafa firet a wuraren da lissafi ya nuna, don haka dole jaki ya zauna inda lissafin yake jiransa. A irin wannan jita, tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke bakin kai zuwa kan jaki yawanci milimita 628 ne. Firet na 12 shi ne tsakiya cif, wato 314. Saboda haka kafin ka buɗe robar gam, zura wuyan cikin raminsa a bushe, ka ɗauko tef. Auna daga ƙashi zuwa firet na 12. Sake aunawa daga firet na 12 zuwa inda tsirkiya za ta hau jaki. Awo na biyu ya zama daidai da na farko, da ƙarin milimita biyu ko uku, ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya fi samun ƙarin. In wuyan bai shige har ƙarshe ba, ya bar gibin milimita biyar, to ka ƙera jitar da ba za ta taɓa yin daidai da sauran kayan kiɗa ba, komai kyan fentinta.

Kada ka tsaya nan. Ɗaura zare biyu daga ƙashi zuwa jaki, ɗaya a gurbin tsirkiyar farko, ɗaya a gurbin ta shida. Duba ko tazarar da ke tsakanin kowane zare da bakin wuya daidai take dama da hagu. In zare ɗaya na neman faɗowa daga gefen wuyan, wuyan ya karkace, a gyara zamansa. Sai kuma ka kwantar da doguwar rula ta ƙarfe a kan firet, ka tura ta har wajen jaki. Bakinta ya sauka kusa da saman jakin lokacin da jakin ke ƙasa-ƙasa. In ta daki gindinsa, tsirkiya za ta yi nisa da wuya har yatsa ya gaji. In ta wuce can sama, sai ka ɗaga jaki fiye da kima. Waɗannan awo uku su ne jitar. Idan ɗaya ya ƙi, kuma gyaran ya fi 'yar goga da sanfefa, ɗauki hoto ka mayar wa wanda ya sayar maka tun kaya suna a bushe, domin bayan gam ba mai karɓa.

Gam kuwa, farin gam na kafinta za ka nema, mai kyau, sabo. Kada ka kusanci gam ɗin takalmi mai danƙo kamar roba. Tsirkiya shida in an ɗaure su suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 45 ko fiye, dare da rana, gam mai danƙo zai riƙa sakin jiki a hankali. Shafa a fuska biyu, zura wuya, matse da matsin kafinta, ka sa guntun katako da tsumma tsakani don kada ƙarfe ya ci jikin. Goge wanda ya tsatso da ɗanyen tsumma nan take. Sake duba zarenka tun gam bai kama ba. Sannan ka bar ta kwana ɗaya cur, kada ka taɓa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna zancen harhaɗa jitar lantarki mai rabin kogo ne.

Na tsallake wani abu da ya kamata ya zo kafin duk wannan, kuma ya shafi ƙasarmu musamman. Katako na shan iska yana fitarwa. Kwalin nan daga wata ƙasa mai laima ya taso, ya biyo ta Legas, ya iso Zuru. In ya iso da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, katakon zai bushe ya ɗan tsuke. Buɗe kwalin, ka ajiye kayan a ɗaki, nesa da rana da taga, su yi mako biyu kafin ka fara awo. Za ka ga bakin firet ya ɗan fito a gefen wuya yana kartar hannu, domin katako ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Ba lalacewa ba ce, ɗan ƙaramin zarto mai laushi zai kwantar da shi. Da damina kuma katakon zai sake kumbura. Mai jita a Zuru sai ya saba da gyara wuyanta sau biyu a shekara.

Wajen goga, a yi hankali. Fuskar irin wannan jita filawud ce, kuma kyakkyawan zanen katakon da ka gani a sama fata ce siririya, sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba. Injin goga na kafinta zai cinye ta cikin ƙiftawar ido. Da hannu za ka yi, da sanfefa mai lamba 220, sannan 320, kana bin tsawon zanen katako, ba ka ratsa shi ba. Kafin ka sa launi, shafa ɗanyen tsumma a jikin ka duba a haske. Duk inda ruwa ya ƙi shiga, ragowar gam ce daga masana'anta, kuma launi ma zai ƙi shiga nan, ya bar maka tabo. Kankare ta a hankali.

Shawarata ga sabon hannu, a bar fentin feshi a karon farko. Ƙurar hunturu na manne masa, laimar damina na sa shi yin hazo, kuma yana so a jira makonni kafin a goge shi ya yi sheƙi. Banish da aka tsinka, ana shafawa da tsumma mai tsabta siriri-siriri, a bari ya bushe, a ɗan goge, a ƙara, ya fi yafiya ga mai koyo. Lokacin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko, ya fi dacewa da wannan aiki a wajenmu. Yi a inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da mai shan taba. Tsumman da ya sha man katako kuma kada a dunƙule shi a jefa a kwana, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a tsoma a ruwa.

Yanzu mu shiga cikin ciki. Fikof ba wani abin tsoro ba ne. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai siranta kamar gashi, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, rawar na haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a nan, kuma shi ya sa yawancinsu ba sa buƙatar batir. Matsalar ita ce naɗi guda na kwaso gurnanin wutar gida da na janareta. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya ya wuce. An fara sa irinsa a jitocin kamfanin a 1957, kuma shi za ka tarar a yawancin kwalayen nan. Ga mu da muke kiɗa da janareta, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Wahalar mai rabin kogo ita ce ba ta da ƙofa a baya. Maɓallai huɗu, da makunnin zaɓen fikof, da bakin da ake soka waya, duk ta 'yar tagar nan ko ta ramin fikof za su shiga, sannan kowanne ya leƙo ta hujinsa. A nan ne masu gaggawa ke fasa aiki. Ga dabara. Ɗauki guntun kwali, ka ɗora a fuskar jitar, ka huda shi daidai inda hujojin suke. Jera maɓallan a kan kwalin, ka yi duk liƙin dalma a waje, kana ganin abin da kake yi. Idan ba ka taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, tafi wurin mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya na unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, Oga, koyo na zo. Ya nuna maka, amma kai za ka liƙa, ba shi ba. Kafin ka sa komai a ciki, jona da amfilifaya, ka ɗan ƙwanƙwasa kan fikof da sukundireba. In ka ji ƙwas-ƙwas a lasifika, ka juya kowane maɓalli ka ga yana aiki, to madalla.

Sai ka zura zaren kamun kifi ko siririn tiyo ta kowane huji, ka jawo bakinsa ta taga, ka ɗaura a wuyan maɓallin da zai zauna a hujin. Rufe gefen tagar da salatif na takarda don kada a karce banish. Tura kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mafi nisa, kana jan zare a hankali har kowanne ya leƙo, ka kama shi da washa da noti. Zai ci maka yini, wataƙila ka fitar ka sake. Sauri kan haifi nawa. Akwai kuma wata 'yar waya guda da ake yawan mantawa, wadda ke haɗa ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiya da sauran wayoyin. Tana shiga raminta kafin a buga ƙarfen. Wanda ya manta ta zai ji jitarsa na zuzu ba ƙaƙƙautawa.

Bayan an ɗaura tsirkiya an daidaita murya, ko da manhajar waya ce, sauran gyara uku, kuma a jere suke. Na farko, cikin wuya akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da alanki. Danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na wajen gindin wuya, ka duba tsakiya. Tazarar da za ta rage kada ta wuce kaurin katin waya. Juya alanki kwata ɗaya kawai, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, ka jira, ka sake dubawa. In ya yi tauri kada ka tilasta. Na biyu, ɗaga ko sauke jaki har tazarar tsirkiya da firet na 12 ta zama wajen milimita biyu a mai kauri, ɗaya da rabi a siririya. Na uku, kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. Murya ɗaya ce, ta biyu ta fi tsayi kawai. In ta biyun ta zarce, ja ɗan sirdin da ke kan jaki baya. In ta gaza, turo shi gaba. Wanda ya iya waɗannan uku ya riga ya zama mai gyaran jita, domin yawancin waɗanda aka jingine a lungu ba abin da ke damunsu sai wannan da tsinkakkiyar waya.

Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau, domin maganar rai ce. Jitar kanta ba ta ɗauke da wutar da za ta cutar da mutum. Amfilifaya ke ɗauke da ita, kuma tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayar. In an karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko an soka tsirarun wayoyi a soket, ko janareta ba shi da wayar ƙasa, ranar da wani abu ya lalace a ciki wutar ta jikinka za ta bi. A 1976 wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, haka ya rasu a gidansa da jita a hannu. In ka ji tsirkiya ko makirfo na ɗan cizonka, kashe komai, a kira mai aikin wuta. Kada a yi kiɗa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. Kada sabon hannu ya buɗe cikin amfilifaya, ko da an zare ta daga wuta.

Wanda ya gama ta farko zai fara kallon itatuwanmu da wani ido. Maɗacin da ke bakin hanyoyinmu ɗan'uwan katakon da masana'antun waje ke saye daga Afirka ne su yi wuya da jikin jita. Kanya dangin baƙin katakon nan ce mai tsada da ake shimfiɗawa a fuskar wuya. Maɗobiya kuwa an sare ta an yi ta lodawa zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Mun sayar da gungume da arha, muna sayo kaya da tsada. Ban ce kowa ya ɗauki gatari ba. Tsohuwar ƙofa ko ƙafar gado ta maɗaci da ta shekara talatin tana bushewa ta fi sabon sara kyau nesa ba kusa ba.

Kirana ga shugabannin majami'u da malaman makarantu da ƙungiyoyin makaɗa na ƙasar Zuru shi ne, ku fito da matattun jitocin da ke ɗakunan ajiyarku, ku ba matasa su koyi gyara a kansu. Kafintocin Rikoto da masu gyaran rediyo, in yaro ko yarinya suka zo muku da kwali a hannu, ku ba su gefen benci da aron matsi. Iyaye kuma, wanda ya nuna sha'awa ku sa masa ido ku sa masa albarka, awo da haƙuri da aikin wuta yake koyo, kuma duk suna ciyar da mutum. Matasan da kuɗin kwali ya fi ƙarfin ɗayanku, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi guda, ku yi aikin tare.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)